Tsohuwar kyamarar fim mai maƙalalliyar shata: wacce ta cancanci kuɗinka?

Duk tsohuwar kyamarar da ta shekara 30 a akwati, da wuya ka ɗauko ta ba ta da ciwo, kuma yawanci ciwon a shata yake, wato ƙyauren nan da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido don haske ya taɓa fim. Ka danna, shiru. Ka ja hannun naɗa fim, ya cije. Irin waɗannan suna da araha, amma wata gyaranta na rabin yini ne, wata kuwa asarar kuɗi ce tun daga ranar saye.

Ni dai Pentax K1000 nake nuna wa kowa, ba na ɓoyewa. An fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997, saboda haka matattunta da za a ciri kayan gyara ba sa wuyar samu. Shatarta labule biyu ne na yadi masu gudu a kwance, daga daƙiƙa 1 zuwa 1/1000, kuma sifirin da giya ne ke tuƙa su. Batirin LR44 da ke gindinta ma'aunin haske kawai yake ci. Cire shi ka jefar, za ta ci gaba da ɗauka. Idan ta cije, galibi tsohon giris ne ya daskare, ko kuwa soson da madubin cikinta ke bugawa ya narke ya zama danƙo. Makaniki ya kwance, ya wanke, ya sa mai ɗigo-ɗigo, ya canja soso, ya daidaita gudu, shi ke nan. Ba ta ma da sandar jinkirin ɗaukar kai (mai jinkirta dannawa don mai ɗauka ya shiga hoton), wadda a kyamarori da yawa ita ce ke tsayawa a rabin hanya ta kulle komai. Abin da babu shi ba ya lalacewa. In da hali nemi mai rubutun Asahi (sunan kamfanin) a goshi, don na ƙarshe-ƙarshe da aka haɗa a Sin murfinsu roba ne.

Canon AE-1 sa'arta ce a shekaru, sai dai ba ta motsi sam idan babu batirin 4LR44 mai bolt 6. Sa sabo tukuna kafin ka yanke mata hukunci, don wani lokacin matsalar ke nan. In ba ta tashi ba, ana zargin maganaɗisun da ke ƙarƙashin murfin gindi. Minolta X-700 kafasita (ɗan abin da ke tara wutar lantarki) ce ke mutuwa a cikinta, aikin mai gyaran rediyo ne mai hannu a natse. Zenit-E ta Rasha, kuɗin gyara ya fi kuɗin sayen wata irinta. Nikon FM2 kuwa ba ta da laifi sai tsada, kuma in yatsa ya lanƙwasa siraran ganyen shatarta, galibi sai an sake shata sukutum. Olympus Trip 35 ma mutane na cewa ta maƙale alhali jan tuta ce ta ɗaga a tagar leƙawa ta hana dannawa saboda haske bai isa ba. Fita da ita rana.

Inda aka taɓa ƙona ni shi ne wajen kyamarori masu ido biyu (gilashi ɗaya sama, ɗaya ƙasa), waɗanda shatarsu ganye-ganye ce a cikin gilashi. Wani ya sayar mini da ɗaya, yana ta ƙas-ƙas da ita a gabana, ya rantse an yi mata sabis. Kwana 9 ta yi. Ashe man laita ya tsiyaya mata: ya narkar da tsohon giris na ɗan lokaci, da ya bushe sai ya bar maiƙon a kan ganyen, suka manne fiye da da. Tun daga ranar nake sunsuna kyamara kafin in taya. Ƙamshin man feshin kwance tsatsa ko man keken ɗinki, ajiye musu kayansu. Ganyen shata a bushe ƙayau ake son su, ƙyalli kaɗan a kansu alamar mai ce. Duba kan sukurori kuma: kyamarorin Japan da sukudireba samfurin JIS (ma'aunin Japan) ake kwance su, wanda ya sa na kanti zai cinye bakin, ka san ɗan koyo ya riga ka shiga. A intanet, mai cewa “ban gwada ba” sau da yawa ya gwada ya ga ba ta yi. Wanda ya ce an yi sabis, tambaye shi wa ya yi, yaushe, ya turo bidiyo yana kiran ranar da bakinsa, bayan kyamara a buɗe.

In tana hannunka, buɗe bayan ka fuskanci haske. A daƙiƙa 1 ka saurara, ya kamata ƙarar ta tafi santal ba tare da tangarɗa ba. A 1/1000 ka tabbata hasken ya cika tagar daga gefe zuwa gefe. Haska tocila a kan labulen cikin duhu don neman huda. In hannun naɗi ya cije kada ka yi masa ƙarfi, giya ce za ka karya. Bayan gyara kuma, lokacin hunturu a leda mai zif za ta kwana, don ƙurar nan in ta haɗu da sabon mai sai ka sake biyan makaniki.