Jami'a ko kwaleji: wace makaranta ta fi dacewa garinku ya ƙulla aiki da ita?

Ƙungiyar ci gaban gari ko ta manoma da ke son jawo babbar makaranta ta yi aiki a ƙauyenta tana da zaɓi da yawa a Kano da Jigawa. Abin da yawanci ke fara ɗaukar ido shi ne girman suna da lambobin yabo da ke rataye a ofishin shugaba, don haka yana da kyau a san abin da suke aunawa.

Shaidar da ta fi shahara kan hidimar makaranta ga jama'arta ita ce wadda Gidauniyar Carnegie ta fara bayarwa a Amurka a 2006. Makaranta ce ke nema, ta kawo hujjar cewa aikin jama'a ya shiga manhajarta da kasafin kuɗinta, kuma mutanen gari abokan shawara ne, ba masu jiran a kawo musu ba. Don makarantun can aka tsara ta. Akwai kuma jadawalin jami'o'i da mujallar ilimi ta Birtaniya, Times Higher Education, ta soma a 2019 bisa muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda jami'o'in Nijeriya ke shiga, sai dai jami'a ce ke tura bayanan kanta, ba wanda ke zuwa ya tambayi mai unguwa. Abin ɗauka a nan shi ne tambayoyin: aikin yana cikin karatun ɗalibai ne ko ganin dama ne? An ware masa kuɗi? Wa ke da ta cewa?

Jami'a ta fi kowa kayan gwaji da ƙwararru. Jami'ar Bayero na da cibiyar binciken noman yankuna masu ƙarancin ruwa, ga ta Aliko Ɗangote a Wudil, ta Tarayya a Dutse da aka kafa a 2011, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa ta 2013. In damuwarku gwajin ƙasa ce, ko ruwan rijiya, ko wata cuta da ta gagari malamin gona, nan ya dace. Rauninta kuwa, aikin yakan bi kuɗin bincike, ranar da tallafi ya ƙare mota ta daina zuwa. Wani lokaci kuma ɗalibai su cika takardun tambayoyi su tafi, gari bai sake jin ɗuriyarsu ba. Ga yajin aikin malaman jami'o'i: na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato damina guda cur.

Ga garin da noma ne damuwarsa, a ganinmu kwalejin aikin gona ta fi saurin amfani, kamar ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta ko kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, domin karatunsu na hannu ne. Abin da za ku nema shi ne gonar gwaji. Ku ba da kwatar hekta, mita 50 tsawo 50 faɗi, a bakin hanya inda masu wucewa za su gani. A raba ta biyu, rabi da irinsu da tazararsu da takinsu, rabi yadda kuka saba, a shuka rana ɗaya. Kuskuren da ke ɓata wannan aiki shi ne a ba da gonar da ta riga ta mutu da wuta-wuta don ba a son asara, ko a zaɓi wadda ta sha takin gida shekara da shekaru. Duka biyun sakamakon ƙarya suke bayarwa. In an girbe, kada a ƙirga dami, a sussuka a auna da sikeli ɗaya a gaban jama'a. In za a kai ƙasa gwaji, a ɗebo daga wurare goma zuwa goma sha biyar a zurfin santimita 20, a cakuɗa, a ɗauki kamar rabin kilo, ba daga gindin bishiya ko inda aka jibge taki ba.

Kwalejin ilimi, irin ta Gumel ko ta Bichi, tana turo ɗalibai koyon koyarwa, kuma dole ne a kansu, don haka ba sa fashi. Suna toshe giɓi a firamare, amma na ɗan lokaci ne. Kada hedimasta ya sakar musu aji malamin ajin ya ɓace.

Makarantun lafiya, kamar ta Jahun ko ta Birnin Kudu, su ma suna tura ɗalibai zaman aiki a karkara. Sharaɗi ɗaya ba a sassauta shi: duk gwajin hawan jini ko na suga da za a yi, a san asibitin da za a tura wanda aka samu da ciwo. A gaya wa dattijuwa tana da ciwo a bar ta haka, tayar mata da hankali ne kawai.

Kafin ku yanke, ku nemi sunayen ƙauyuka biyu da makarantar ta yi aiki da su, ku tura mutum ya ji daga bakinsu. Ku duba nisa, don makarantar da ke iya zuwa ta koma a wuni ta fi mai suna da ke nesa. Wasiƙa ta tafi ga shugaban makaranta da sa hannun dagaci da amincewar hakimi, a Janairu ko Fabrairu in aikin damina ne, a kuma sanar da malamin gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, wato KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa. Sannan a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: wa zai sayi iri da taki, amfanin gonar na wa ne, ina ɗalibai za su sauka, musamman mata, da ranar da za a dawo a karanta wa gari sakamakon da Hausa.