Wace Jita Ta Dace da Koyon Tsofaffin Kaɗe-kaɗen Goge na Amurka?

A tsaunukan Apalaciya da ke gabashin Amurka, goge da banjo (wani abin kiɗa mai kama da molo) ne suka daɗe suna riƙe da kiɗan rawa, jita kuwa rakiya kawai take yi musu, har Doc Watson, makahon makaɗin nan na Karolina ta Arewa da ya rasu a 2012, ya shahara wajen fitar da karin gogen kansa a kan jita. Mai son bin sahunsa ya sani cewa ba kowace jita ce ta dace da wannan aiki ba.

Jita mai tsirkiyar nailan tana da taushi a yatsu, amma muryarta a dushe take, don haka mai tsirkiyar ƙarfe da babban ciki ake nema, ƙirar da ake kira dreadnought. Kamfanin Martin ya fito da jitoci masu wannan ƙira, D-18 da D-28, a farkon shekarun 1930, kuma har yau da su ake gwada sauran. Bayan D-18 da gefenta na katakon mahogani ne, dangin maɗacinmu, kuma tana rarrabe sauti ɗaya bayan ɗaya, abin da karin goge mai sauri yake bukata, yayin da D-28, mai katakon rosewood, ta fi amo mai zurfi. Kowaccensu zallar katako ce, tana kuma cin dubban daloli, kuma a ganina kuskure ne ɗan koyo ya fara da su, musamman a ƙasar da busasshiyar iskar hunturu take tsaga zallar katako. Yamaha FG800, wadda fuskarta kaɗai ce zallar katako, ta fi jure bushewa, farashinta kuma 'yan ɗaruruwan daloli ne.

Kafin a biya kuɗi, a duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jitar, domin idan ta yi yawa yatsu za su gaji tun ba a kai ƙarshen kari ɗaya ba. Ɗan fallen da ake kaɗawa da shi ya kai kaurin milimita 1 ko fiye, saboda siriri yana lanƙwashewa ya sa hannu ya makara. A haɗa da kafo, wato matsewar da ake ɗaura wa wuyan jita, tunda yawancin karin a matakan sauti na D da A masu goge suke kaɗa su, mai jita kuma yakan matse gaɓa ta biyu ya yi amfani da riƙon yatsu na C da G don ya samu D da A ɗin.