Wasiƙa daga Kigali: yadda talaka yake ganin likita a Ruwanda

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mama da yara kuna lafiya. Kin tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a kan asibitocin ƙasar nan, ko kuwa daɗin baki ne. To, in gini da kayan aiki kike nufi, manyan asibitocin koyarwarmu na Najeriya ba za su ji kunya a gaban na Kigali ba, ƙwararrun likitoci kuwa mun fi su yawa nesa ba kusa ba. Inda suka sha gabanmu shi ne lokacin da ake biyan kuɗin magani. Mu sai ciwo ya kwantar da mutum ake fara neman mai sayen akuya ko a bi dangi da roƙo. Su tun mutum yana da ƙoshin lafiya yake biya.

Suna da inshorar lafiya ta al'umma da suke kira Mutuelle. An fara gwada ta a 1999, yanzu akasarin 'yan ƙasa suna ciki. A tsarin da aka kafa a 2011, mai matsakaicin hali ya riƙa biyan faran 3,000 na kuɗin ƙasar a shekara kan kowane mutum ɗaya na gidansa, mai ƙarfi 7,000, wanda ba shi da ko sisi kuma gwamnati ta biya masa. A wannan tsarin, ranar da ciwo ya zo, faran 200 ne a ƙaramin asibiti. In an tura mutum babban asibiti, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ne nasa. Ki gwada wannan da namu, inda sama da kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fita. Ke da kike aikin ɗakin haihuwa kin fi ni sanin yadda miji yake tsaye riƙe da takardar sayo safar hannu da ƙarin ruwa, matarsa tana naƙuda.

Abin da ya fi burge ni ma ba inshorar ba ce, ma'aikatan lafiya ne na ƙauye. Mutanen gari ne suke zaɓarsu daga cikinsu, a ba su horo. Su suke gwada zazzaɓin cizon sauro su ba da magani nan take, su bi mai juna biyu gida har sai sun ga ta je awo, su kuma raka ta asibiti in haihuwa ta zo. Sakamakon a fili yake. Binciken ƙasa na 2000 ya nuna mata 1,071 ne suke rasuwa wajen haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000, amma na 2020 ya sauko zuwa 203. Namu na 2018 ya nuna 512. A nan mata sama da 9 cikin 10 a asibiti suke haihuwa, mu kuwa a binciken 2018 ba su kai 4 ba, a Arewa ma abin ya fi muni. Wallahi lissafin nan yana ci mini rai, domin ƙasar nan ba ta da man fetur, kuma a 1994 kisan ƙare dangi ya watsa asibitocinta da ma'aikatansu.

Jiragen nan marasa matuƙi na kamfanin Zipline da suke kai jini, a nan suka fara a 2016, kuma na san sun iso Kaduna.

Kada ki ɗauka babu cikas. Layi yana da tsawo, wani sa'in a yini ana jira. Wani lokaci maganin ya ƙare a rumbun asibiti, mai katin inshora ya koma kemis da kuɗinsa. Ba a tsallake ƙaramin asibiti a tafi wajen ƙwararren likita sai da takardar turawa, masu hali kuma har yanzu suna tafiya Nairobi ko Indiya. Shugabannin unguwa suna matsa wa mutane lamba sosai a kan biya, manomin da damina ta yi wa gardama kuwa yana jin jiki. Ga kuma dogaro da tallafin ƙasashen waje, wanda ya zama abin fargaba tun da Amurka ta rage agaji a 2025.

Mu ma ai muna da dokoki. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi a 2001, amma namu na tarayya yakan tsaya wajen kashi 5. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, sai dai mai tireda da manomi ba su gani a ƙasa ba tukuna.

Don Allah, Yaya, ki leƙa ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ki tambayo nawa ne rajistar Mama da yaran marigayi na shekara guda, da asibitin da za a haɗa su da shi, da ko maganin hawan jini yana ciki. In kin ji sai ki sanar da ni, zan turo kuɗin ƙarshen wata in sha Allahu. Ki gaida Mama, ki ce ta riƙa shan maganinta ko da ta ji sauƙi.