Sati shida a gidan haya a tsohon garin Liyon

Maigidana ya samu kwas na sati shida a Liyon ta ƙasar Faransa, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, na ce ƙafata ƙafarsa. Otal ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka kama ɗaki da falo da kicin ta intanet a unguwar Saint-Jean, jifa ɗaya da kogin Son.

Hotunan ba su yi ƙarya ba, matakala kawai suka ɓoye. Hawa na huɗu ne, babu lif, ga matakalar dutse mai murɗewa kamar dodon koɗi. Ranar farko da akwatuna biyu sai salati nake yi. Na'urar ɗumama ɗakin ma ta tsaya a sati na uku, daidai lokacin da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, duhu ya fara rufawa tun wajen biyar da rabi. Kwana huɗu muka yi cikin bargo kafin mai gidan ta turo mai gyara. Ta dai ba da haƙuri, ta rage mana kuɗin kwanakin.

Kicin ɗin ne ya wanke laifin gidan. Gidajen abincin gargajiyar garin, waɗanda suke kira bouchon, naman alade ya yi musu yawa, don haka tukunyata na riƙe. Layin D na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ɗaukata daga bakin unguwa zuwa unguwar Guillotière, inda mahautan halal suke, har kuɓewa da attaruhu na samu. Layin ne kuma ke kai Maigida ranar Juma'a kusa da babban masallacin da aka buɗe a 1994.

Abin da mai kwana biyu ba zai mora ba shi ne traboule. Ƙofa ce kamar ta gidan mutane, ka tura, ka bi siririn lungu, ka tarar da tsakar gida da tsohuwar rijiya, sai ga ka a wani titin daban. Akwai mutane a ciki, don haka a hankali ake magana. A tudun Croix-Rousse masaƙan siliki ke bi ta irinsu don kada ruwan sama ya taɓa kayansu, su ne suka yi bore a 1831 saboda ladan saƙa. Sai da na yi sati uku kafin na daina ɓata, har na koma nuna wa baƙi hanya.

Tudun Fourvière, mai babban coci a samansa, sau biyu na hau a ƙaramin jirgin da igiya ke ja. Cocin bai riƙe ni ba kamar dandalin wasan Rumawa da ke gefensa, kuma shiga kyauta ne.

Daren Juma'a da Asabar kuwa kada a sa rai da barci kafin ƙarfe ɗaya, tagar tana kallon titin masu shaye-shaye. Wanda zai kama nan, ya fara tambayar hawa na nawa ne, kuma ina tagar ɗakin kwana ta fuskanta.