Gargaɗi ga masu tara mindar soja: hattara da dillalan lambobin yaƙin Bama da na 1903

Jama'a, wannan jan kunne ne ga duk mai sha'awar tara tsofaffin lambobin yabo na soja, waɗanda iyayenmu ke kira minda, musamman masu al'adar ƙara guda a ma'ajiyarsu duk lokacin da wani abin alheri ya same su: ritaya, ƙarin girma, haihuwa, ko ɗa ya gama makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna. Akwai masu talla a Facebook da WhatsApp da suka gane wannan al'ada, kuma da ita suke cin kasuwa. Sun san mai saye don biki yana da ranar da ba ya so ta wuce, kuma mai gaggawa ba ya tsayawa bincike. Tallarsu takan yi yawa gab da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

Salon nasu kusan ɗaya ne. Hoto mai kyau, sai dogon labari: wai kayan wani tsohon saje ne da ya yi yaƙin Bama, jikoki ne suka matsu za su sayar, kuma wai akwai wani Bature da ya riga ya taya, amma an fi so abin ya zauna a gida. Daga nan sai a nemi kafin alƙalami yau yau. Wasu ba su da kayan sam, hoton ma daga shafin wani gidan gwanjo na Ingila suka kwafo. Wasu kuma suna da kayan, sai dai jabu ne, ko na gaske ne da aka yi wa kwaskwarima don kuɗinsa ya ninka. Waɗannan na biyun sun fi wahalar kamawa, don haka a kansu za mu daɗe.

Mu fara da Tauraron Bama, tunda shi aka fi nema a wajenmu saboda dubban mutanenmu da suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Tauraro ne mai tsini shida, na jan ƙarfe da aka gauraya da zinki, launinsa ruwan tagulla. Faɗinsa milimita 38 ne, tsawonsa daga tsinin ƙasa zuwa saman zoben rataya milimita 50. A tsakiya akwai tambarin Sarki Joji na shida da kambi a sama, an kewaye shi da rubutun THE BURMA STAR. Bayansa sumul yake. Ƙyallensa shuɗi ne mai duhu da faffaɗan ja a tsakiya da siraran layuka ruwan lemo.

Abin da dillalin ba zai gaya maka ba shi ne, Ingila ta raba taurarin yaƙin duniya na biyu ba tare da buga sunan kowa ba. Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya ne suka buga wa nasu sojojin suna. Saboda haka tauraron da kansa ba ya shaidar cewa na wane ne, kuma an buga su da yawan gaske, shi ya sa guda ɗaya tilo ba shi da tsada a kasuwar masu tarawa. Idan aka ɗora maka kuɗi mai yawa, labarin ake sayar maka. Abin da ke ɗaure lamba da mutum takarda ce: littafin sallama daga soja mai lambar aiki da bataliya, hoto, ko takardar fansho. In kuwa ka ga an zana suna a bayan tauraro, wannan ba hujja ba ce. Gaskiya ne wasu tsofaffin sojoji sun kai an zana musu da kuɗinsu, amma mai zanen kofin gasa ma zai yi maka irinsa cikin rabin awa.

Sai a duba jerin da aka haɗa. Ƙa'ida ce cewa mutum ɗaya ba ya samun Tauraron Bama da Tauraron Fasifik duka biyu. Wanda ya cancanci biyun, na farkon da ya samu ake ba shi, a gicciya masa 'yar sandar ƙarfe mai sunan na biyun a kan ƙyallen. Duk jerin da ka ga taurarin nan biyu kafaɗa da kafaɗa, haɗin gambiza ne. Tauraron Afirka ma ana ruɗar mutane da shi. Zama a bariki a Afirka ta Yamma bai sa an ba soja shi ba. Na waɗanda suka yi fagen arewaci da gabashin Afirka ne tsakanin 1940 da 1943, kamar birged ta 23 ta Najeriya da ta shiga Mogadishu a 1941. Tsohon da aka ce an ɗauke shi soja a 1944 ba shi da hanyar samunsa.

Inda kuɗi yake da gaske, kuma inda aka fi yin ha'inci, shi ne lambar azurfa da Turawa suka ƙirƙiro a 1902 don yaƙe-yaƙensu na Afirka. Faɗinta milimita 36, a bayanta akwai mace tsaye da zaki da kalmar AFRICA a ƙasa, ƙyallenta rawaya mai baƙin gefe da siraran korayen layuka biyu. Ba a taɓa ba da ita ba sanda ba, kuma sandar ce ke faɗin wane yaƙi. Mai rubutun N. NIGERIA 1903 ta yaƙin Kano da Sakkwato ce, har zuwa Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada ranar 27 ga Yuli na shekarar. Mai N. NIGERIA 1906 kuma ta Satiru da Haɗeja ce. Lambobi ne masu nauyi a zuciya, don ladan cin ƙasarmu ne, amma shaida ce ta tarihi da ake iya riƙewa a hannu, kuma sunayen da ke gefen da yawansu na Hausawa ne. Wannan ya sa ƙarya a kansu ta fi ciwo.

Ita wannan akwai suna, a kewayen bakinta: lambar soja, muƙami, suna, rundunarsa. Ha'incin iri uku ne. Na farko, a samo ta gaske mai araha, a goge sunan da magagari, a buga wani. Ka nemi ma'aunin faɗi na makanikai, mai baki biyu, ka auna lambar ta wurare uku ko huɗu. Da'irar da ba a taɓa ba awonta ɗaya ne ko ta ina. Wadda aka kankare za ka tarar ta rage a ɓangaren da sunan yake, bakin ya yi siriri, wani lokaci ma ka hango inuwar tsofaffin haruffa in ka karkata ta a hasken rana da gilashin masu gyaran agogo. Na biyu, a cire sanda mai araha a maƙala mai tsada. Dubi 'yan ƙusoshin da suka riƙe sandar ta gefe: na asali daidai suke da juna, sun dushe tare da sauran jikin. Sabuwar ƙusa mai ƙyalli, ɗigon dalma, ko zanen bakin filaya, duk alamar an taɓa ne. Na uku, a zuba sabuwa gaba ɗaya.

Mai ƙarya yakan faɗi a wajen sunan runduna. A 1903 rundunar Arewacin Najeriya ce, ba a haɗa ta da ta Kudu aka sami rundunar Najeriya ɗaya ba sai 1914. Harafin R da ke gaban W.A.F.F., wato gajeren sunan rundunar sojojin Ingila ta Afirka ta Yamma, kuwa sai 1928 aka ƙara shi. Lambar 1903 mai R.W.A.F.F. a bakinta ta tona wa kanta asiri. Haka kan sarkin da ke fuskarta: yaƙin 1903 da na 1906 a zamanin Sarki Edwad na bakwai aka yi su, don haka in ka ga kan Joji na biyar da sandar 1903, ka dakata. Bayan wannan akwai rajista. Jerin sunayen waɗanda aka ba lambar na nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Ingila da ke Kew, a rukunin WO 100. Suna da lambar aiki da sanda dole su dace da abin da ke rajistar. Dillalin kirki shi zai fara nuna maka shafin.

Gane ta zubi ba wuya in an san abin dubawa. Ta asali bugawa aka yi da injin matsa ƙarfe, shi ya sa haruffanta ke da kaifi, filin da ke tsakaninsu kuma santsi. Ta zubi haruffanta kamar sun narke, jikinta da 'yan ramuka kamar fatar lemo, a bakinta akwai siririn layin da ɓangarorin mazubi suka haɗu ko gurbin da aka goge shi. Takan kuma ɗan gaza awo, domin ƙarfe na tsukewa in ya huce. A ɗora ta a sikelin masu sayar da zinari tare da wadda aka tabbatar, a ga bambanci. Maganaɗisu bai kamata ya kama ko ɗaya daga cikin lambobin nan ba, amma rashin kamawar ba ya wanke ta, don dalma da tagulla ma ba ya kama su. Kada kuma baƙi-baƙin tsufa ya ruɗe ka. Tsufan gaske a lunguna yake taruwa, tudun kuma ya goge saboda shafar hannu da riga. Wanda aka yi da sinadari ko man takalmi ko'ina ɗaya yake, wani ma yana fita a farin ƙyalle. Sabon ƙyallen rataya kuwa ba laifi ba ne, ana canza shi, kamar yadda tsohon ƙyalle ba ya mai da jabu ta gaske.

Kafin ko sisi ya fita, ka sa hoton tallar a Google Lens, sau da yawa nan take zai kai ka shafin da aka sato shi. Ka nemi bidiyon lambar a kan takarda mai kwanan watan yau da sunanka da biro, a juya bakin a hankali har sunan ya karantu duka. Mai kaya a hannu zai yi cikin minti biyar. Wanda ba shi da shi zai ce kayan na ƙauye wajen baffa, ko waya ta lalace. Idan sunan asusun banki ya saɓa da na mai tallar, ko aka ce kayan ya maƙale a kwastan sai an ƙara wani abu, a tsaya nan. A yi sharaɗi a rubuce cewa za a mayar da kuɗi in gwaji ya nuna matsala, kuma in da hali a haɗu ido da ido da ma'auni a aljihu.

Akwai kuma masu bi gida-gida wajen iyalan 'yan mazan jiya, su ce tagulla ce kawai, su biya kuɗin gwangwan, su tafi har da littafin sallama, alhali shi ne rabin darajar kayan. Wanda ya gaji irin wannan kada ya raba lambobin da takardunsu, kada ya goge su da toka ko yashi, ya ɗauki hoton komai gaba da baya kafin ya nuna wa kowa. Wanda kuma aka riga aka damfara, ya kira bankinsa a ranar ya nemi a bi sawun kuɗin, ya adana hirar da rasit da lambar asusun kafin a goge shafin, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko hukumar EFCC.