Hattara da masu sayar da tsohon batir a rigar sabo

Masu aikin yanke ciyawa da injin hawa, musamman masu kwangilar filayen wasa da manyan harabobi, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wasu da ke tallar batir a intanet, hoto fes, farashi ƙasa da na kowa, suna cewa wai ragowar kayan sito ne. Ni dai an yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma da hannuna na miƙa kuɗin.

Wata safiya injina ya ƙi tashi, in na murɗa makulli sai ƙas-ƙas kawai. Ga aiki yana jira, sai gaggawa ta ɗebe ni. Mai tallar da na kira shi da kansa ya kawo batirin, ya zaro mita daga aljihu ya ɗora a kawunansa, ta nuna bolt 13.1. "Maigida, ai gani ya kori ji," in ji shi. Ashe wannan lambar ce ya kamata ta farkar da ni. Lafiyayyen batir mai bolt 12, in ya cika kuma ya huta, 12.6 zuwa 12.7 yake nunawa, don gida shida ne a cikinsa, kowanne da wajen 2.1. In ka ga ya haura 13, yanzu aka sauke shi daga caji, wutar a sama-sama take kamar kumfa. Ko batirin da ya gama yawo yana iya wannan burgar ta ɗan lokaci. Nawa kwana tara ya yi.

Da na sauke shi na duba da kyau, sai ga asiri a fili. Gefen ramin da ake ɗaure waya akwai zoben da tsohon noti ya bari, an goge shi da burushin ƙarfe amma bai ɓace ba. Cikinsa ya ɗan kumbura ta gefe ɗaya. Na sa farce na ɗaga takardar da aka manna, sai ga wata tsohuwa a ƙarƙashinta. Kamfanoni da yawa suna buga ranar ƙira a jikin batir, harafi na wata, lamba ta shekara, A na nufin Janairu, B Fabrairu. A nawa an kankare wurin tas. Ungulu da kan zabo ke nan.

Mita ita kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an ɗora wa batir kaya. Yawancin waɗannan injinan girman U1 ko U1R suke ɗauka, bambancinsu ɓangaren da kan mai alamar tarawa yake, kuma a jiki za ka ga lambar CCA, wato ƙarfin tayar da inji. Na'urar gwaji tana jan rabin wannan lambar tsawon daƙiƙa 15. In ya faɗi ƙasa da bolt 9.6 a yanayi matsakaici, ba shi da sauran amfani. Duk mai sayarwar da ya hana ka wannan gwajin, ko ya ce takardar garanti sai daga baya, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi ƙona mini rai, tsohon batirina da na ba shi a matsayin ciko lafiyarsa ƙalau, ina kyautata zato. Da bakanike ya zo, farin gari mai kore-kore ya tarar ya cinye bakin wayar. Ya cire baƙar waya tukuna sannan jar, ya wanke da ruwan hodar soda (baking soda), ya ɗaure tamau. Ya kuma nuna mini cewa in ba ka zauna a kujera ba, ko ba ka taka birki ba, ko wuƙaƙen suna kunne, injin na iya ƙin motsawa, mutane kuwa sai su ɗora wa batir laifi. Sannan ya auna caji inji na aiki: tsakanin 13.5 da 14.5 ake so. In bai kai ba, ko sabon gaske ka sa zai mutu a hannunka.

Mutanen nan suna kuma tallar wani gari a leda, wai yana ta da mataccen batir. Kada ka zuba. Farantin dalma na cikin batir in ya zube ba ya komawa. In batirinka mai murfi ne, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa har ya rufe faranti, kada a ƙara asid. In za a ajiye injin na makonni, a bar batirin a kan ƙaramar caja mai yanke kanta, domin zama ƙasa da 12.4 shi ke sa gishiri ya daskare a faranti.

Na kira lambar mutumin ya fi sau goma, a kashe. Shekaranjiya na sake cin karo da hotunan nan dai, har da tabon da ke jikin teburin, amma shafin ya sauya suna.