Garejin Dattijon da Ya Tayar Mana da Tsohuwar Tirelar Kwana: Wata Huɗu da Dala 9,400

Ranar da aka sauke ta a ƙofar gidanmu a birnin Columbus na jihar Ohayo a Amurka, uwargida ta fito da ludayi a hannu, ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta toshe hanci. "Malam, wannan tukunyar dalmar ce ta ci dala 6,500?" Ban tanka ba. Warin fitsarin ɓera da ya biyo ƙofar ya riga ya ba ta amsa.

A gida in an ce tirela, hankali kan tafi ga mai ɗauko siminti daga Obajana. Wannan daban ce. Ɗaki ne a kan taya, da gadaje da kicin da ɗan banɗaki, ba ta da inji, sai a ɗaura ta a bayan a-kori-kura a ja ta zuwa daji ko bakin tafki a kwana biyu. Tafi-da-gidanka ta gaskiya ke nan. Tawa Airstream ce ƙirar Overlander ta 1974, tsawon ƙafa 27, aksil biyu, jikinta alminiyam da aka ɗinke da dubban ƙusoshin ribiti kamar jirgin sama. Wally Byam ne ya kafa kamfanin a Kalifoniya, amma tun 1952 ake ƙera su a Jackson Center, nan jihar Ohayo, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga gidana. A cikin irinta, wadda aka yi wa gyara na musamman, aka killace 'yan sama jannatin Apollo 11 da suka dawo daga wata a 1969. Wannan labarin na riƙa ba uwargida don in rage zafin kuɗin. Bai yi aiki ba.

Niyyata in goge jikin ya yi ƙyalli, in sake labule da katifu, mu kama hanya kafin yara su koma makaranta. Wani ɗan'uwa Basomale, direban babbar mota da muke sallar Juma'a tare, shi ya ce kada in kuskura in hau babbar hanya da ita sai wani ya duba ƙarƙashinta. Ya kwatanta min wani gareji a bayan gari, tsohon rumbun gona a tsakiyar gonakin masara. Mai shi Bature ne da ya doshi saba'in, shi da yaronsa ɗaya. Ba shi da shafin intanet, allon sunan ma rana ta cinye rabinsa. Dattijo nake ce masa, kuma da na fassara masa ma'anar sai ya karɓa.

Abin da ya fara yi ne ya sa na sakankance da shi. Bai ko shiga ciki ba. Ya zagaya baya, ya hau kan bamba da ƙafa biyu, ya yi ɗan tsalle, ya ce in sa ido daidai inda bodi ya haɗu da shasi. Da idona na ga wurin yana buɗewa yana rufewa kamar bakin kifi. Sannan ya ɗauko sukundireba ya shiga banɗaki, ya ɗaga gefen ledar ƙasa, ya soka. Ta shige har ƙota ba tare da ya yi ƙarfi ba, ta fito da baƙin gari mai danshi kamar dusar da ta kwana a ruwa. Ya bayyana min cewa a irin wannan ƙira katakon daɓen yana cikin abin da ke riƙe jiki: bodin yana zaune a kan katakon, katakon yana kan shasi, ƙusoshi sun ratsa duka ukun. Ruwan sama da ya shekara da shekaru yana bi ta saman bamba ya ruɓar da katakon, don haka bayan tirelar ba abin da ke riƙe da shi sai ikon Allah. Mai ita na da ya bar ta a fili ba rufi, ga sakamakon.

Daga nan ya kwanta a ƙasa ya haska aksil da tocila. Waɗannan ba su da sifirin irin na motocin da muka sani. Sandunan roba ne a cikin bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, su ke shanye gargada. Sabon aksil hannunsa yana kallon ƙasa. Nawa sun miƙe sun fara kallon sama, alamar robar ta bushe ta zama dutse. Ya ce in na ja ta haka, kowane rami zai wuce kai tsaye cikin bodi, ribiti su riƙa tsinkewa, ƙofofin kabad su zubo. Tayoyin kuwa har ina yabon zanensu bai cinye ba. Ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Nawa 1809 ne, wato mako na 18 a 2009. Ya ce tayar tirela ba ta mutuwa da tafiya, da zama take mutuwa.

Ya yi min ƙiyasin dala 7,000 da mako shida. Dukansu biyun ba su tabbata ba, kuma a nan ƙorafina yake.

Dattijo ba ya ɗaukar waya. Ka kira sau biyar, ka bar saƙo, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai na koma tuƙa minti arba'in kowace Asabar don in ga inda aka kwana. Wata Asabar na tarar ko taɓa ta ba a yi ba, ya saka tirelar dawakin wani maƙwabcinsa a gaba. Da na yi magana sai ya ce dokin mutumin ba zai iya jira ba, ni kuwa hutu nake nema. Ya faɗi gaskiya, amma raina ya ɓaci, don a lokacin na riga na yi wa yara alkawari. Sababbin aksil ɗin ma sun yi makonni kafin su iso, saboda sai an auna an yi oda. Wannan ba laifinsa ba ne. Rashin gaya min tun farko shi ne laifinsa. Mako shida ya zama wata huɗu, hutun bazara ya wuce muna kallo.

Ƙarin kuɗin kuwa ba zan zarge shi ba. Da suka kwance farantin da ya rufe cikin tirelar ta ƙasa, sheƙar ɓeraye ta zubo cike da buhun shara uku, aka ga ƙarafunan gefe biyar na shasi tsatsa ta huda su kamar rariya. Wannan karon shi ya kira ni da kansa, ya ce in zo in gani kafin ya kunna walda. Duk abin da ya cire ya tara min a kusurwa guda, tsofaffin aksil, ruɓaɓɓen katako, wayoyin birki da ɓera ya gwaigwaye. Rasidinsa da biro ya rubuta, kowane ƙarfe da farashinsa, awannin aiki daban. Jimla 9,400. Na kai wa ɗan'uwan nan direba ya duba, ya ce ba cuta a ciki.

Waldarsa ta yi kyau, dunƙulen ɗinkin a jere kamar an tsara kwabbai. Ya shafe shasin da fentin hana tsatsa, abin da ke da muhimmanci a jihar da ake zuba gishiri a titi duk hunturu. Sabon katakon ya tura shi har ƙarƙashin gindin bodi yadda ya kamata, bai yanka ya liƙa faci a tsakiya ba. Na hau bambar na yi tsalle da duk nauyina, ko motsi.

Aikin ciki ne ba nasa ba. Ledar ƙasa da ya shimfiɗa haɗinta ya karkace a bakin ƙofa, kullum sai idona ya faɗa kai. Bututun ruwa da yaronsa ya haɗa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ɗiga tun daren farko, muka tashi sallar asuba muka taka ruwa. Ni na ɗaure shi da sifana a cikin minti goma, amma bayan kuɗin da na zuba don raba katako da ruwa, abin ya ba ni haushi. Gugar jiki kuwa ƙi ya yi ƙememe. Ya ce shi ba ya sayar da ƙyalli.

Inda ya fi burge ni shi ne ranar karɓa, kuma ko sisi bai caje ni a kai ba. Motata Ford F-150 ce. Ga waɗanda suka saba da Hilux, ba a sayar da Hilux a Amurka, kuma F-150 ta fi ta girma. Na je da alfaharin cewa littafin mota ya ce za ta ja fiye da nauyin tirelar nesa ba kusa ba. Dattijo ya buɗe ƙofar direba ya ɗora yatsa a kan wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙi, wadda ban taɓa karantawa ba. Ita ke faɗin nauyin da motar za ta ɗauka a kanta, mutane da kaya. Tawa kimanin kilo 700 ne. Ya ce ja daban, ɗauka daban. Hancin tirela yana danna bayan mota, kuma ana so ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, in ya gaza haka za ta riƙa kaɗa wutsiya a hanya. Muka je sikelin manyan motoci a wani gidan mai. Tirela da kayanta kilo 2,650, hancinta 330. Ƙarfen haɗi 40. Ni da uwargida da yara uku 270. Saura kilo 60. Janareta da buhun shinkafa da kular da na yi niyyar lodawa a bayan mota duk suka koma cikin tirela, daidai saman aksil.

Ya ɗauki awo ya auna tsayin bakin tayar gaban mota kafin haɗi da bayan haɗi. Gaban ya ɗaga, wato sitiyari ya yi sako-sako. Ya riƙa ɗaure sandunan raba nauyi yana sake aunawa har gaban ya sauko kusa da inda yake. Ya sa na giciye sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin hancin, don in haɗin ya kuɓuce su tare shi kafin ya caki kwalta. Sannan ya zauna a gefena a wata hanyar gona, ina tafiyar mil 25 a awa, ya sa na matsa ɗan makunnin birkin tirela da hannu, yana ƙara ƙarfinsa kaɗan-kaɗan har tayoyin suka kusa turjewa, sai ya rage. "In ta fara rawa, ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari miƙe, ka matsa wannan. Kada ka taka birkin mota." Sau uku ya sa na maimaita, kamar ɗan makarantar allo.

Tafiyar farko a watan Oktoba muka yi, zuwa gandun shaƙatawa na Hocking Hills, ta hanyar US 33. Kafin garin Logan wata babbar mota ta wuce mu da gudu, iskarta ta tura mu, na ji bayan ya karkata. Hannuna ya kai kan makunnin kafin in yi tunani, tirelar ta miƙe ta bi sahu. Uwargida tana ta salati, yara a baya ba su ma san an yi ba. Da muka isa na dafa murfin kowace taya in ji ko boris ya yi zafi, yadda ya koya min. Ɗumi kawai.

Wanda ke da tsohuwar tirela a yankin nan, aikin shasi da aksil da birki da haɗi ya kai wa irin Dattijo, ya kai ta a kaka in yana son ta a bazara, kuma ya shirya zuwa da ƙafarsa. Leda da famfo da labule ya nemi wani, ko ya yi da kansa. Tawa jikinta har yanzu dusu-dusu yake, gefe ɗaya kawai na samu na goge kafin sanyi ya kore ni. Na tsiyaye ruwan bututu kada ya daskare ya fasa su, na rufe ta. Ya ce in dawo da ita a watan Afrilu ya sake wa boris giris. Na tambaye shi ko in kira kafin in zo, ya yi dariya ya ce in dai zo.